Ku Tambaya Mu Amsa: Bashi, Kunya da Tsimin Gida

Wasiƙu uku muka zaɓo a wannan fitowar, duk a kan bashi. Mun sakaya sunayen masu su kamar yadda suka roƙa.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni manomi ne a wani ƙauye ta wajen Ringim, mu tara ne a gidana. Da damina na karɓi taki da maganin feshi na naira 210,000 a kan zan biya da kaka, sai ruwa ya cinye rabin shinkafar. Surukina yana bina 80,000, mai kantin unguwarmu 18,000. Yanzu in na hango mai takin a kasuwa sai in sauya layi. Na daina zama a majalisa, dare yakan raba ban runtsa ba, kuma matata ba ta san adadin ba. Wani ya ce in jinginar da fadamata in huta. Ina mafita?

AMSA: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Malam. Jimillar abin da ake binka naira 308,000 ce, kuma mai fadama zai iya fita daga wannan in ya haɗa rani da damina. Sauya layin nan da kake yi shi ya fi ba mu tsoro. Mai takin ba zai ce kunya kake ji ba, cewa zai yi niyyar cinye masa kuɗi ka ɗaura. Daga nan sai aike, sai kai ƙara wajen mai unguwa, sai maganar da ya kamata ta ƙare tsakanin mutum biyu ta zama ta gari. Ruwa kuwa kowa ya ga ɓarnarsa, ba kai ka kira shi ba.

Cikin makon nan ka je ka same shi. Kada ka zaɓi ranar kasuwa, ka bari sai bayan la'asar da shago ya yi sauƙi, ka tafi da dattijo guda wanda yake jin nauyinsa. Kada ka je hannu rabbana, ko 20,000 ce ka riƙa. Abu uku za ka faɗa: ga abin da kake bina, ga abin da na kawo, ga ranakun da zan kawo saura. A nan mutane suka fi zamewa, don kunyar ido takan sa a ce "nan da wata guda in sha Allahu" alhali babu inda kuɗin zai fito. Alkawarin da aka saɓa sau biyu ya fi shirun farko zubar da mutunci. Ka faɗi ranar da ta dace da yankan shinkafar rani, ka ƙara mako biyu na sussuka da kai wa kasuwa. A rubuta, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, ta 280 kuma ta umarci mai bin bashi ya saurara wa wanda ke cikin ƙunci. Neman jinkiri ba roƙon alfarma ba ne ga wanda asara ta same shi.

In ya ce ka biya shi da shanshera, ku yarda a kan farashin kasuwa na ranar da za ka auna masa. Kada ka bari a yanke yawan buhuna tun yanzu, don a irin wannan yankan mai kuɗi ne ke sa farashi, kai kuma kunya ta rufe maka baki.

Kafin ka sayar da ko kwano ɗaya, ka ware abincin gida. Uwargida ta auna abin da ake ɗorawa na kwana bakwai. A ce ya kama kwano ɗaya da rabi kullum: kwano 45 ke nan a wata, 450 a wata goma, daga Nuwamba zuwa lokacin da sabon gero zai shigo. A buhu mai kwano 40, buhu 11 ne da kwano 10. Wannan da iri ba na mai bashi ba ne. Wanda ya kwashe rumbu da kaka don ya wanke kansa, shi ne zai dawo a Yuli da Agusta yana cin bashin hatsi a lokacin da ya fi tsada. Zakka ma ka tuna da ita in amfanin ya kai nisabi, don a mazhabar Malikiyya bashi ba ya kayar da zakkar hatsi. Ta ɗaya gefen kuma, wanda bashi ya yi wa katutu yana cikin kashi takwas na masu karɓar zakka a aya ta 60 ta Suratut Tauba. In an miƙo maka, karɓa.

Mai kanti muke so ka fara sallama. A lissafi kuɗinsa bai taka kara ya karya ba, amma ƙofarsa kake wucewa sau biyar a rana in za ka masallaci, kuma yaranka ake aika wa magana in sun je sayen magi. Tunkiya ko ɗan akuya guda ya biya shi, ka samu hanya ɗaya a garin da za ka bi kanka a ɗage. Suruki kuma ka je da ƙafarka ka gaya masa shi ne na uku a layi, da dalili.

Matarka ta riga ta san akwai abin da ke cinka, adadin ne kawai ba ta sani ba, kuma abin da take zato wataƙila ya fi gaskiyar muni. Ka gaya mata. Ita ke riƙe da ludayi, ba a tsimin gida a bayan idonta.

Jingina kuwa ba mu goyi baya ba. Fadamar ita ce hanyar biyan, in ta fita hannunka da me za ka fanshe ta? Ga shi malamai da yawa suna ganin cin amfanin gonar jingina riba ce, wato kuɗin ruwa. In kuɗin fetur ɗin ban ruwa ya fi ƙarfinka, kamar yadda ya fi ƙarfin mutane da yawa tun da aka cire tallafi a 2023, ka ba da hayar rabinta na rani ɗaya, a rubuce a gaban dagaci, da ranar dawowa, ka noma sauran rabin da kuɗin.

Barci yakan dawo in lissafi ya koma takarda. In ya wuce mako biyu bai dawo ba, ko abinci ya fita ranka, ko kana yawan ciwon kai, ka je asibiti a auna jininka, kada ka sayi ƙwayar barci a kemis. In har tunanin rabuwa da duniya ya taɓa zo maka, ka gaya wa wani babba a gidanku a ranar, ya raka ka wajen likita.

TAMBAYA: Ina yin man gyaɗa da ƙuliƙuli a wani gari kusa da Bunkure. Na ci bashin 150,000 na yi wa 'yata kayan ɗaki. Tun da na fara biya na daina yin anko, na rage gudummawar biki, yanzu mata suna yi da ni wai na zama marowaciya. Abin yana sa ni kuka. Ko in shiga wani adashen ne in rufa wa kaina asiri?

AMSA: Allah ya ba su zaman lafiya, Hajiya. Kada ki shiga. Kwasar farko a adashe bashi ce da wani suna, za ki wayi gari da zubi biyu a kan jari ɗaya, kuma jarin ne zai biya.

Ki raba gudummawa gida biyu. Akwai wadda aka yi miki a bikin 'yarki, wannan ramuwa ce, ana jiranta. Ki zauna da wadda ta karɓi kuɗi a ranar ku rubuta wa ya ba da nawa. In bikin ɗaya daga cikinsu ya taso, ki rama daidai, ko ki same ta tun da saura mako biyu ki ce "Yaya, kin san halin da nake ciki, ga rabi, saura bayan Sallah." Wadda aka gaya wa tun da wuri ba ta cika kai zance gaba ba, wadda ta buɗe leda ranar biki ta ga rabi ita ce mai yaɗawa. Sauran bukukuwan kuma, waɗanda ba a binki komai, ki je da wuri da atamfarki wankakkiya, ki kama aiki a madafa, ki kai kwalbar mai ko ƙullin ƙuli daga sana'arki. Anko ba wajibi ba ne a kan kowa.

A sana'ar, duk ranar da kika sayar ki fara cire kuɗin gyaɗa da na niƙa da na itace ki ɗaure su daban. Abin da ya rage ki kasa uku, biyu na bashi, ɗaya naki. Kason nan naki kada ki ji nauyinsa: sabulu, man shafawa, ɗan kifi a miya. Matan da suka hana kansu komai sukan jure wata biyu ko uku, rana ɗaya zuciya ta ɗebe su su kashe na wata guda a biki ɗaya. Masu surutu kuwa, da wuya a samu wadda ba a binta ko sisi a cikinsu, bashi hanji ne.

TAMBAYA: Ni ɗan acaɓa ne a Gumel. Na gama biyan kuɗin babur ɗin da na ɗauka biya-sannu, amma maimakon murna sai fargaba. Ko tsire na saya sai in ji kamar na yi laifi.

AMSA: Barka da arziki, ɗan'uwa. Hakan na faruwa, wanda ya daɗe yana ƙirga kowace naira hannunsa ba ya sakewa dare ɗaya. Fara da karɓo takardun babur da shaidar kammala biya a rubuce, a gaban wanda ya tsaya maka. Sannan kuɗin da ka saba kaiwa duk mako ka ci gaba da cire shi, rabi a asusun gyara, don taya da sarƙa da zoben inji ba sa sallama, rabi kuma na gida. Cikin na gidan ka yanke wani adadi na nama duk Juma'a, ka miƙa wa maiɗakinka tun ranar Alhamis don kada ka sauya shawara.