Amsar Kawu kan zuba harsashin dalma a gida

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Rubutu na ba ni wuya, shi ya sa na ce bari in yi murya. Ɗana Bello ya turo bidiyon wani Ba'amurke daren jiya, mutumin yana narka dalma bayan gidansa yana zuba ƙananan harsasai na fistol don wasan harbin allo. Ya ce mi ne ne amfanin haka, kuma ko mutum na iya koyo nan Gusau.

To Bello, abin da ka gani gaskiya ne, can al'ada ce tsohuwa. Harsashi abu huɗu ne: kwanson tagulla, ɗan ƙyastu na gindinsa, albarushi, sai ƙwayar da ke fita. Kwanson ba ya mutuwa a harbi ɗaya, shi ya sa suke tsince shi su sake cikawa, kuɗi ya ragu. Ƙwayar kuma sukan yi ta marar nauyi da albarushi kaɗan, don mai harbin takarda ba nama yake nema ba. Yana son bindiga kada ta doke mai hannu, ya wuni yana saiti bai gaji ba. Har akwai wata ƙwaya mai ɗaɓaɓɓen kai da suke sa wa libarba mai lamba .38, tana huda takarda tsaf, alƙali ya ƙirga maki ba gardama. Kuma ko su ɗin suna jin jiki. Albarushi kaɗan cikin kwanso mai zurfi, in hankalinka ya tafi ka zuba sau biyu, ido ba ya ganewa, bindiga ta tarwatse a hannu. In ka manta ba ka zuba ba, ƙwaya ta maƙale cikin bututu, harbi na biyu ya same ta a hanya.

Zancen koyo a nan kuwa, rufe shi. Dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin haramtattu, sai da lasisin shugaban ƙasa. Bindigar farauta irin ta zamani Sufeto Janar ke ba da izini, ta toka kuma kwamishinan 'yan sanda. Ƙera harsashi a gida laifi ne mai zaman kansa. Kun tuna 2022 da gwamnatin Matawalle ta ce kowa ya nemi lasisi ya kare kansa, hukumomin tsaro sunka fito sunka ce gwamna ba shi da wannan hurumin. A halin da Zamfara ke ciki, a kama ka da kwanso da mazubi, wa za ka yi wa bayanin wasa kake?

Amma wallahi ba dokar ce ta hana ni barci ba. Dalmar ce. Mu 'yan Zamfara bai kamata wani ya zo daga waje ya koya muna sharrinta ba. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sunka shiga ƙauyukan Anka da Bukkuyum, su Dareta, Abare, 'Yargalma, sunka iske sabbin kaburburan yara jere. Yara wajen 400 sunka tafi. Ba harbi, ba annoba. Dutsen zinariya ne anka riƙa kawowa cikin gida ana dakawa a turmi, ana niƙawa a injin, ƙurar ta zauna tsakar gida. Yaro na rarrafe, ya dafa ƙasa, ya kai hannu baki. Sai amai, sai farfaɗiya, uwa na cewa iska ce. Ƙauyen Bagega sai 2013 anka samu kankare gurɓatacciyar ƙasarsa. Waɗanda sunka rayu da yawa an ba su magani, amma abin da dalma ta taɓa a ƙwaƙwalwa ba ya komawa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce babu wani ma'auni na dalma a jinin yaro da za a ce wannan ba komai.

Shi ya sa nake son maganar ga ta kai ga 'yan uwanmu mafarauta, don su ne ke yin abin da Bature ke yi a bidiyon, ba tare da kayan kariyarsa ba. Na san yadda ake yi. A fasa tsohon batirin mota da gatari, ruwan batir ya kwarara ƙasa, a zuba faranti cikin gwangwani a aza bisa garwashi, wani lokaci murhun da uwargida za ta ɗora tuwo. Dalma ba ta da taurin kai, zafi digiri 327 ta zama ruwa, garwashi ya ishe ta. Dattin nan mai toka-toka da ke tasowa sama, a kwashe da cokali a watsar gefen danga, kaji su tona, yara su yi wasa. Su kansu masu zubin na Amurka suna gargaɗin juna kada a taɓa dalmar batir, don dattinta in ya jiƙe yana iya fitar da iska mai guba. Haka ɗigon ruwa ko zufa in ya shiga ƙarƙashin narkakkiyar dalma, tsalle take ta watsu a fuska.

Wanda ba shi da makawa sai ya taɓa ta, ko maharbi ko masunci mai sa wa birgi nauyi, to ya yi nesa da gida, a fili, iska na bayansa. Kada ya ci goro ko ya sha taba da hannun. Ya wanke hannu da sabulu, rigar aikin kada ta shiga ɗakin yara, gwangwani da cokalin kada su koma madafa har abada. Mace mai ciki kada ta kusanci wurin, dalma na ratsawa har ga ɗan tayi. Naman da anka harbo ma, a yanke kewayen raunin a yar, ba a cire ƙwayar kawai ba. Amurkar da ake kallo, tun 1991 ta hana harbin agwagin ruwa da dalma, Kalifoniya kuma ta hana farauta da ita gaba ɗaya a 2019.

Af, har kwallin dutse da ake ranbaɗa wa jarirai, da yawansa dalma ce, a faɗa wa iyaye mata.

In akwai gidan da aka saba wannan narki kuma yaro na yawan ciwon ciki, ba ya cin abinci, ko ya faye kasala, a kai shi asibiti a faɗa wa likita ƙarara ana narka dalma a gidan, a nemi gwajin jini, don ido ba ya gane ta. Bello, kai da ke da lambar sarkin mafarautan unguwarku, tura mai wannan muryar. Wassalam.