Amsoshin Tambayoyinku: Kwamfuta, Filas, da Abin da ke Faruwa Kafin main

Wani matashi daga Kubwa yana tambaya ko sai ya sayi sabuwar kwamfuta mai tsada a kasuwar Banex da ke Abuja kafin ya fara nazarin yadda manhajar da aka rubuta da C, wani yaren rubuta manhaja, take tashi. A'a, ɗana, kuma na gaji da wannan tambaya. Kwamfuta ta hannu mai batir mai kyau ta isa. Ka sa mata Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, ka sauke GCC, manhajar harhaɗawa da ke mayar da rubutun C manhaja mai aiki, da GDB, ta gano kurakurai, waɗanda duk kyauta ne, ragowar kuɗin ka ajiye don data.

Wata ɗaliba daga Gwagwalada ta ce hankalinta ya tashi, domin ta ba manhajarta fayil mai suna "aikin gida.txt", sai manhajar ta ɗauke shi sunaye biyu, har tana shirin kai na'urar wurin mai gyara. Kwantar da hankalinki, 'yata, kwamfutarki lafiya lau take, kada ki ba kowa ko sisi. Idan kika rubuta umarni, bash, manhajar da ke karɓar umarnin, ita ce take yanka layin duk inda ta ga fili, sannan ta miƙa guntayen ga Linux ta hanyar execve, wato kiran da ake yi wa Linux don ta tayar da manhaja. Linux kuma sai ta jera wa sabuwar manhajar kayanta a ƙwaƙwalwa: adadin kalmomin, wato argc, da adireshin kowace kalma, wato argv, wadda ta farko yawanci sunan manhajar ce, sannan bayanan muhalli, wato saitunan da ake miƙa wa manhaja idan za ta tashi, irin su PATH da HOME. Ba main, wato sashen rubutunki da manhajar C ke farawa da shi, ke fara aiki ba, ko da yake haka ake nuna wa masu koyo. Akwai wani ɗan guntun rubutu mai suna _start da GCC ke haɗawa da manhajarki ba tare da kin gani ba, shi ne yake kwashe waɗannan kaya ya miƙa wa wani guntun mai suna __libc_start_main, wannan kuma ya kammala shiri, ya kira main, ya ba exit, mai rufe manhajar, lambar da ta dawo daga main. Ki sa sunan fayil ɗin cikin alamar zance, zai iso a dunƙule.

Wasiƙar da ta fi damuna ita ce ta wani bawan Allah daga Nyanya, wanda ya sayi filas cike da manhajojin da aka fasa, har da ta harhaɗa C, yana tambaya ko ya yi cinikin kirki. Malam, ba ka yi ba. Ka sake karanta bayanin da na yi wa ɗalibar nan: akwai aikin da ke gudana kafin layinka na farko, kuma manhajar harhaɗawa ce ke saka shi. Idan an lalata ta, komai tsabtar rubutunka, abin da aka cusa zai riga ka tashi, ya karanta bayanan muhalli, inda masu sana'ar nan da yawa ke ajiye kalmar sirri da makullan shiga sabar, wato kwamfutar da ke riƙe da shafi ko bayanai a intanet. Tun a 1984 Ken Thompson, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiro tsarin kwamfuta na Unix, ya nuna cewa ana iya ɓoye mugun abu a irin wannan manhaja yadda duba rubutu ba zai tona shi ba. A 2015 kuwa, masu manhajoji a Sin suka sauke jabun Xcode, manhajar harhaɗawa ta kamfanin Apple, saboda na gaske yana da wahalar saukewa, gurɓatattun manhajojinsu suka shiga shagon Apple, har da manhajar hira ta WeChat. Ƙwararru ke nan, balle kai da ba ka san hannu nawa filas ɗin ya bi ba. Abin da ke ba ni takaici shi ne ka biya kuɗi a kan abin da masu shi suke bayarwa kyauta, wato manhajar harhaɗa C, don kawai gudun sayen data.

Ka goge filas ɗin, ka sake sa tsarin kwamfutar daga tushe, ka canja duk kalmomin sirrinka. Idan kuma ka riga ka ba wani kwastoma manhajar da ka harhaɗa da shi, ka sanar da shi yau, ka sake harhaɗa masa da GCC na gaske.