Ƙarfin tuƙina wat 240 (wat ma'aunin ƙarfi ne), nauyin jikina kilo 80, wane aji zan shiga a tseren keke?

Ɗan'uwa, raba 240 da 80, ka samu wat 3 a kowane kilo. A tsohon rabon Zwift, manhajar tseren keke ta intanet, ajin C ke nan, daga 2.5 zuwa 3.2, ajin A kuwa sai ka kai 4. Amma ka tabbata ƙarfin da za ka riƙe kusan awa guda ne, ba na fizgar minti biyu ba. Tseren titi a Amurka ma sakamakon tsere ke hawar da mutum aji, ba wannan lissafi ba. Sannan in hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu za ka bi, shimfiɗe take, ba wani hawa da nauyin jiki zai dame ka. A nan iska ce abokiyar gabarka, don haka koyi laɓewa bayan na gabanka kafin ka fara rage tuwo.