Filin Tambayi Likitan Dabbobi: An Gama Da Bushiya, Me Ya Sa Huhu Da Boru Suka Gagara?

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo kusan duk hanya ɗaya suka bi, maganar allurar shanu da yadda wasu ƙasashe ke yi da cututtukan garke, shi yasa na tsinci guda huɗu na haɗa su waje ɗaya. Masu tambaya kan kaji da tumaki ku ƙara haƙuri, ban manta da ku ba.

TAMBAYA: Salam likita dafatan kana lfy. Kakana kullum in aka zauna hira sai ya kawo labarin bushiya, yace lokacin Shagari ta shiga garkensu shanu sama da rabi suka tafi cikin sati uku har wani ƙanensa ya kusa zaucewa. Ni kuma tunda na tashi ban taɓa ganinta ba. Wai da gaske ne babu ita a duniya yanzu? Kuma in har an iya kasheta meyasa ba'a kashe mana ciwon huhu ba, shine yake damunmu duk shekara. Daga wani jikan makiyayi, Gombe.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana, ka gaida min Baba, kuma ka gaya mishi gaskiya ya faɗa. A 1983 bushiya, wato annobar shanun nan mai sa zawo da hawaye, ta yi wa Arewa ɓarnar da har yau dattawan ruga in sun tuna sai su yi shiru. Kuma eh, babu ita. A 2011 hukumar lafiyar dabbobi ta duniya da FAO, wato hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka sanar an kawar da ita kwata-kwata, na ƙarshe da aka tabbatar a Kenya ne 2001, jikin ɓaunan daji. Bayan agana ta mutane, ita ce cuta ta biyu da ɗan adam ya taɓa shafewa daga doron ƙasa.

Asalinta ba tamu bace. Wajen 1887 sojojin Italiya suka sauke shanu daga Indiya a tashar ruwan Massawa ta Eritrea, daga nan ta kama kamar wutar daji, cikin 'yan shekaru ta iso ƙasar Hausa da Borno, ta gangara har Afirka ta Kudu. To abin da mutane da yawa basu sani ba shine babban shirin yaƙarta daga gidanmu ya tashi, a Kano aka zauna 1961 aka tsara shi, aka sa mishi suna JP15, 1962 aka fara da ƙasashen tafkin Chadi wato Najeriya, Nijar, Chadi da Kamaru, daga baya ya bazu ƙasashe sama da 20 har 1976. Duk saniyar da aka yi wa allura sai a huda mata kunne don a gane ta, tsofaffi sun san wannan. Kuma ya yi aiki, cutar ta kwanta har aka ɗauka ta mutu, Turawan da ke bada kuɗi suka naɗe tabarmarsu, aka bar wa kowace ƙasa ta ci gaba da yi wa maruƙa, wasu suka yi wasu suka yi barci. Ashe an kashe maciji ba'a sare kai ba. Ta laɓe a wajen Mali da Muritaniya, ta laɓe a kudancin Sudan, farkon shekarun 1980 ta taso ta gabas da yamma suka haɗe a kanmu. Wannan ce ta cinye shanun kakanka.

Sai aka sake sabon lale a 1986 ƙarƙashin ƙungiyar haɗin kan Afirka, wannan karon ba allura kaɗai ba, har da bin sawu, a ɗebi jini a gwada, a tambayi makiyaya ina suka ga mai zawo da hawaye. Aka kuma samu nau'in allurar da ke jure zafi ba sai da firji ba, aka koya wa makiyayan kansu a yankin Afar na Habasha da Kudancin Sudan suna yi wa shanunsu inda motar gwamnati bata isa shiga ba saboda yaƙi. Ni a ganina nan ne aka ci nasarar.

To me ya hana huhu? Allurar bushiya, wadda wani Bature Walter Plowright ya haɗa a Kenya, a lokacin sau ɗaya ake yi saniya ta samu kariya har ta mutu. Ta huhu kuwa, wadda ake haɗawa a Vom kusa da Jos da Garwa a Kamaru da Yamai, kariyarta bata wuce shekara, dole duk shekara a maimaita kuma a samu mafi yawan shanun yanki ba rabi ba. Sannan huhu munafuki ne, saniya zata yi tari ta rame, a ɗirka mata teramaisin ko tailosin ta miƙe tana kiwo kamar ba komai, alhali cutar na nan ƙunshe cikin huhunta, sai ta je mashaya ko kara ta raba wa na wasu. Yawancin ƙasashen da suka rabu da shi da wuƙa suka rabu, wato da kashe shanu. Amurka ta gama da shi 1892, Ostareliya 1973. Botswana ma da ya shigo musu 1995 a yankin Ngamiland sai da suka kashe shanu wajen 320,000, mai ciwo da mai lafiya duka, gwamnati ta biya diyya wani da kuɗi wani da sabbin shanu. Ka kwatanta a zo Gombe a ce za'a yi haka, wa zai yarda, wa zai biya?

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Naga wani tsohon bidiyo a Facebook wai Ingila ana tara shanu ana ƙonawa saboda boru, wlh abin ya bani haushi, boru da mu nan sati biyu saniya ta warke? Wannan ba almubazzaranci bane? Daga wata 'yar kasuwa mai kiwon turke, Zariya.

AMSA: Hajiya ni ma ranar da na fara ganin hotunan sai da cikina ya juya. 2001 ne, dabbobi sama da miliyan 6 aka kashe, shanu da tumaki da aladu, har zaɓen ƙasa sai da aka ɗaga saboda abin. Amma lissafinsu daban ne da namu. Kin yi gaskiya boru bai cika kashe babbar saniya ba, baki ya yi gyambo yawu na dalala, kofato ya tsage tana ɗingishi, sai ta warware. Sai dai ki tambayi mai tatsa nonon da ya rasa a wannan watan, da maruƙan da ke faɗuwa matattu ba zato, da mai shanun huɗa in abin ya zo mishi farkon damina. Mu asarar a hankali take cinmu shi yasa muka saba da ita. Su kuwa shanunsu na madara ne masu tsada da basu san cutar ba, kuma ranar da aka ce akwai boru a ƙasa, ranar duk masu sayen namansu da madararsu a waje zasu rufe ƙofa. Kasuwar suke karewa. Kuma duk wanda aka kashe wa dabba an biya shi, wannan shine ginshiƙin abin, in babu diyya ba mai kai rahoto, kowa ɓoyewa zai yi ya lallaɓa kasuwa da daddare. Duk da haka a can ɗin ma an yi ta surutu cewa an wuce gona da iri, da yawa cikin dabbobin lafiyarsu ƙalau, maƙwabtaka da gonar da ta kamu ce kawai ta ja musu.

Ni ƙasar da nake so mu kalla Brazil ce, don su ma shanun tozo ne da su irin namu masu kiwo a fili, sama da miliyan 200. Basu bi ta kisa ba, allura suka riƙe shekara da shekaru, sau biyu a shekara, dole ne, kuma a lokacin ba zaka ɗauki saniya daga wannan jiha zuwa waccan ba sai da takardar da ke nuna an yi. Ƙasashen Kudancin Amurka sun haɗa kai da cibiya ɗaya tun 1951 a Rio. Rabon Brazil da ɓarkewar boru tun 2006, a 2025 aka amince musu cewa sun rabu da shi har sun daina allurar ma. Shekara sama da 70 kenan fa ana abu ɗaya, gwamnati ta zo ta tafi ba'a fasa ba, mu nan sabon kwamishina in ya zo har sunan shirin sai ya canja.

Botswana kuma shinge suka ja, waya mai tsawon ɗaruruwan kilomita ta raba shanu da ɓauna don ɓauna ke ɗauke da cutar, suna haɗa allurarsu da kansu, kowace saniya da lambarta, da haka suke sayar da nama Turai. Amma shingen ya kashe namun daji ba adadi da ya tare musu hanyar ruwa, kuma makiyayin da ya faɗo bayan shinge shanunsa basa daraja kamar na ciki. Indiya da ba'a yanka saniya a yawancin jihohinta, tun 2019 gwamnati ke bin gida gida da allura kyauta.

Abu ɗaya Hajiya kafin ki sayi allurar boru a kemis, boru kala bakwai ne, allurar wani kalar bata kare wani, ki bari likita ya duba miki wadda ta dace da namu.

TAMBAYA: Likita ina gaisuwa. Mu muna rani a Najeriya damina mu koma wajen Dakoro. An yi ma shanunmu allurar huhu a Nijar, mun shigo nan an ce za'a sake. Kuma bara wasu sun kumbura a wurin allurar shi yasa dattawanmu basa so. Ya zamu yi? Daga wani makiyayi, jihar Maraɗi.

AMSA: Sannu ɗan'uwa, ya garke ya iyali. In ba'a fi wata biyu uku da yi ba kuma kuna da shaida, ba sai an sake ba, amma shaidar ita ce maganar. Tun 1998 ƙasashen ECOWAS suka amince da takardar ƙetare iyaka da dabbobi, ana rubuta yawan shanu da allurar da aka yi da hanyar da za'a bi, ofishin dabbobi na wajenku ke bayarwa. Yanzu da Nijar ta fita daga ƙungiyar ka fara tambayar jami'in dabbobi na iyaka wace takarda suke karɓa kafin ku taso, kuma ko ta allurar kaɗai ce ka riƙe ta a leda kamar kuɗi.

Tambayarka ta taɓo inda ke mana ƙaiƙayi. Nijar na cikin wani shirin makiyayan Sahel da Bankin Duniya ke tallafawa tun 2015 tare da Mali, Burkina Faso, Chadi, Muritaniya da Senegal, ana fita allura duk shekara. Najeriya bata ciki, a nan kowace jiha da nata lokacin da nata kasafin, wata ta yi wata ta tsallake shekara. Saniya kuma bata san iyaka ba, yau tana Dakoro jibi tana Maigatari ko Illela, wata na gaba tana mayankar Legas. Tunda an kafa ma'aikatar kiwo ta tarayya a 2024, abin da zan roƙe su na farko kenan, a daidaita watan allura da maƙwabta kamar yadda aka yi zamanin bushiya.

Maganar kumburi kuwa dattawa basu yi ƙarya ba, allurar huhu takan kumbura wasu, musamman waɗanda aka fara yi wa. Yawanci yana sacewa da kansa, in ya girma yana yaɗuwa a kira wanda ya yi allurar da wuri akwai magani. Ka tuna musu su ma iyayensu suna da tasu rigakafin tun kafin Bature, a yanko ɗan huhun wadda ta mutu a tsaga karan hancin mai lafiya a cusa, har wani abu kamar ƙaho ya fito a wurin, kuma waccan ta fi wannan kumburi nesa ba kusa ba. Wasu kuma har yanzu tsoron jangali ne a ransu, gani suke ƙidaya aka zo yi, sai a kawo rabin garke a ɓoye rabi a daji, rabin nan da aka ɓoye shi zai dawo wa sauran da ciwon.

TAMBAYA: Malam likita saniya ta faɗi da safe lafiya lau, kafin azahar ta mutu jini na fita ta hanci, mahauta sun ce a basu da araha. Ya halatta a lafiyance? Daga wani mai karatu, Suleja.

AMSA: A'a malam, kar ma a feɗe ta. Wannan alamar ciwon saifa ce, wanda Bature ke kira anthrax, kuma ku a Suleja kun ganta a watan Yulin 2023, bayan ta ɓulla arewacin Ghana. Tana kama mutum ta fata da ta cin naman, kuma in jinin ya zuba ƙwayar na iya zama cikin ƙasa shekaru da yawa tana jiran wata dabbar. A kira jami'in dabbobi, a ƙone gawar ko a binne ta da zurfi inda kare ba zai tono ba, wanda ya taɓa ta ya je asibiti, sauran garken a ɗauke su daga wurin a yi musu allura, Vom na haɗa ta kuma bata da tsada. Fatar ma kar a sayar wa masu ganda.