Amsa: Rashin aikin yi da sabubban mutuwa a Jihar Zamfara

Malam, ka tambaya ko rashin aikin yi yana da hannu a yawan mace-mace a Zamfara. Yana da hannu, amma alƙaluman hukuma ba za su nuna maka hakan kai tsaye ba, domin tun daga 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tana lissafa duk wanda ya yi aikin sa'a ɗaya a mako a cikin masu aikin yi.

A ganina, irin aikin da talauci ke tilasta wa mutane ya fi cancantar a duba. A 2010, a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, manoma sun koma haƙar zinariya saboda tsadarta, suna niƙa duwatsun a cikin gidaje, alhali duwatsun cike suke da gubar dalma. Ƙurar ta gauraya da abinci da ƙasar da yara ke wasa a kanta, har yara kimanin 400 suka rasu. Zazzaɓin cizon sauro, tamowa da mutuwa wajen haihuwa su ma sun fi addabar gidajen da ba su da kuɗin zuwa asibiti.