Kilim na Uku ko Tagar da Ka Toshe?

Wani Alhaji mai kantin atamfa da shadda a kusa da babbar kasuwar Maradi ya aiko da tambaya. Ya ce tun da ya liƙe tagogi ya sa kilim biyu, wato na'urar sanyaya ɗaki, duk hunturu sai tari da mura su bi yaransa ɗaya bayan ɗaya, har da telolin ɗakin baya. Mai gyara ya ce ya ƙaro kilim na uku. Ya saya, ko kuɗin zai tafi a banza?

Alhaji, riƙe kuɗinka tukuna. Irin kilim ɗin da ake mannawa a bango ba ya shigo da iska daga waje. Wadda ke cikin ɗaki yake zuƙa, ya sanyaya, ya maido maka. Idan yaro ɗaya ya yi tari da hantsi, numfashinsa na nan yana zagaya kanti har la'asar. Na uku sanyi zai ƙara da takardar kuɗin wuta ta NIGELEC, iskar kuwa ita ce dai ta jiya. Tarin fuka ta iska yake bi, ƙwayar ƙyanda kuma takan kai awa 2 a ɗaki bayan mai ita ya fita.

Abin da kake buƙata shi ne hanyar shiga da hanyar fita. A 2021, lokacin korona, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'aunin lita 10 ta sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga mutum guda a wuraren aiki, wato mita kubik 36 a awa. In mutum 10 ne ke yini a kantinka, 360 ke nan. Ka nemi fanka mai zuƙe iska ta fitar waje, ka duba kwalinta, ana rubuta wannan adadi a jiki. A kafa ta can sama a ɗakin teloli, inda zafin guga da ƙurar yadi suke taruwa, sannan a buɗe taga guda a ɗaya ɓangaren a sa mata raga. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, don haka tagar kudu ko ta yamma ta fi, ba kuma wadda ke kallon titi ba. Gurup ɗinka, wato injin ba da wuta, ya yi nesa da tagar, hayaƙinsa kisa yake ba sallama.

Sanyi zai ɗan ragu, kuɗin kuran zai ɗan hau, wannan babu makawa. To ka lissafa ɗaya gefen: tela ya kwanta mako guda ana gab da salla, ɗinkin mutane ya tsaya, ga kuɗin magani da kai za a duba. Wanne ya fi ciwo?

Sai kulawa, inda yawancinmu ke sakaci. Ɗaga murfin kilim ɗinka yau ka zaro ragar nan, za ka tarar ta yi ja da ƙura kamar an tankaɗe garin dawa da ita. Wankinta ba ya son mai gyara: ruwa, sabulu kaɗan, shanya a inuwa, duk mako biyu a lokacin hazo. Raga mai datti na sa injin wahala ya sha wuta. Mai gyara kuwa ku yi yarjejeniya ya zo kafin zafin Maris da kuma bayan damina, ya wanke injin waje, ya zuge bututun da ke ɗigar da ruwa. Ka biya shi bayan ka ga aikin da idonka.

Yaron da tarinsa ya wuce mako biyu ya je likita a gwada shi, kada kuma ka yanke masa kuɗin ranar. In ka yanke, gobe zai ɓoye tarin ya zo ya tsaya gaban masu saye.