Jihar da Gwamna ba shi ne mai mulki ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana karatun haɗa magunguna a birnin Bangalor na Indiya. Rannan muna waya ya ce min a can Gwamna ba shi ke mulkin jiha ba, ko zaɓensa ma ba a yi. To wa ke riƙe da jihar?
Wata uwa daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Gaskiya yaron ya gaya miki. Indiya tana da jihohi 28, kuma Shugaban Ƙasa ne ke naɗa musu gwamnoni na shekara 5, bisa shawarar gwamnatin tarayya. Aikin Gwamna sa hannu a dokoki, buɗe zaman majalisa da rantsar da ministoci. Wuƙa da nama suna hannun Babban Minista.

Mu ɗauki Karnataka, jihar da ɗanki yake. Majalisarta kujeru 224 ce. Talakawa 'yan majalisa kawai suke zaɓa, sai wanda ya tara mutum 113 a bayansa Gwamna ya kira shi ya kafa gwamnati, shi ne Babban Minista. Ministocinsa ma daga majalisa yake ɗauko su; in ya ɗauko na waje, dole cikin wata 6 ya sami kujera ko ya sauka. Abin da ya fi burge ni ke nan: mai mulki yana zaune cikin zauren, ɗan adawa ya miƙe ya tambaye shi ina kuɗin asibiti suka shiga, ya amsa da bakinsa.

Mu ma mun taɓa yin haka, Hajiya. Mahaifina ya sha ba mu labarin Kaduna a Jamhuriya ta Farko: Sa Kashim Ibrahim ne Gwamnan Arewa daga 1962, amma kowa ya san Firimiya Sardauna ke gudanar da gwamnati. A 1979 muka koma tsarin shugaba mai cikakken iko.

Sai dai kujerar Babban Minista a kan siraɗi take. Ranar da rinjaye ya kuɓuce, ranar mulki ya ƙare. A Yulin 2019 wasu 'yan majalisar Karnataka suka ajiye muƙamansu, aka kaɗa ƙuri'ar amincewa, gwamnatin Babban Minista Kumaraswamy ta sami 99, masu adawa 105, ta faɗi. Har otal ake kai 'yan majalisa a killace su don kada a saye su, kuma wannan ɗabi'a tana ci min rai.

Tarayya ma tana da sandarta. Sashe na 356 na tsarin mulki ya ba ta damar rushe gwamnatin jiha, kuma an sha yin amfani da shi don murƙushe 'yan adawa. A 1989 aka yi wa Babban Ministan Karnataka, S. R. Bommai, haka. Ya kai ƙara, a 1994 Kotun Ƙoli ta ce a zauren majalisa ake gwada rinjaye, kuma kotu na iya duba irin wannan rushewa.

Ga abin da ya shafi ɗanki kai tsaye: 'yan sanda, asibitocin gwamnati, noma da filaye na jiha ne, ilimi kuma tarayya da jiha ke haɗa hannu a kansa. Amma biza da takardar zaman baƙo na tarayya ne, don haka ki tuna masa ya riƙa sabunta tasa a kan lokaci. Allah ya ba shi sa'ar karatu.